Gyara a Ɓoye: Tarihin Faifan Fim da Aka Sake Bugawa Ba Shela

A ƙarshen shekarar 2010, wanda ya shiga kantin sayar da faifan fim a Amurka yana neman Gladiator zai iya tarar da kwafi biyu jere a kanta ɗaya, kwalinsu iri ɗaya, hoton Russell Crowe iri ɗaya, sunan kamfani iri ɗaya. Sai ya juya bayan kwalin ne zai ga ɗan bambanci a wurin zanen nan mai layi-layi da na'urar mai kanti ke karantawa don fitar da farashi: na ɗaya an buga shi a kan fari, na ɗayan kuwa a kan ruwan ɗorawa. Wannan ɗan launi shi ne alamar da ke raba faifan da masu sharhi suka yi wa kaca-kaca da wanda suka yaba. Kamfanin Paramount ya sake yin aikin hoton gaba ɗaya, ya zuba sabon a tsohon kwali, ya tura kasuwa. Ba talla, ba biki, ba wani babban rubutu a gaban kwali da ke cewa an gyara.

Wannan ɗabi'a ta gyara a ɓoye tana da tarihi mai ɗan tsawo a kasuwar fim ta gida, kuma mai bin sawunta zai fahimci abubuwa biyu: yadda fim ke tashi daga zaren da kyamara ta ɗauka har ya iso allon falonsa, da kuma yadda manyan kamfanoni ke amsa laifi ba tare da sun buɗe baki ba.

Faifan DVD ya fito a Japan a watan Nuwamban 1996, ya shiga Amurka a watan Maris na 1997. Hotonsa na da ɗigo 720 a kwance da 480 a tsaye a tsarin Amurka, ko 576 a tsarin da Turai da ƙasashenmu ke bi. Wanda ya tashi da kallon faifan VCD, irin wanda ya cika kasuwanninmu a farkon shekarun 2000, ya saba da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye ne kawai, don haka ya san yadda ido ya ji ranar da ya fara ganin DVD na asali. To, kafin fim ya hau kowane faifai sai an wuce da zarensa ta cikin na'urar da ke mayar da shi hoton bidiyo. Abin da ya fito daga wannan aiki shi ne uwar kwafi, wadda daga gare ta ake buga dubban faifai. Yin uwar kwafi na cin kuɗi da lokaci, saboda haka kamfanoni suka saba yin guda ɗaya su yi ta morar ta: a talabijin, a kaset, a faifai, shekara da shekaru. Kusan duk labaran da ke tafe daga wannan rowa suka samo asali.

Shekarun farko na DVD sun ga irin wannan. A 1999 kamfanin Warner ya fitar da tarin finafinan Stanley Kubrick, 'yan watanni bayan rasuwarsa, da tsofaffin uwayen kwafi da aka yi tun zamanin kaset da babban faifan LaserDisc. Masu saye suka koka, a 2001 aka sake fitar da tarin da sabon aiki. Amma wannan an yi shi a fili, an rubuta a kwali, wanda ya sayi na farko kuma ya sake biyan kuɗi.

Labarin da ya kafa salon gyara a ɓoye shi ne na Back to the Future. A watan Disamban 2002 kamfanin Universal ya fitar da kashi uku na fim ɗin a kwali ɗaya. An ɗauki waɗannan finafinai ne ta yadda zaren ke riƙe da hoto mai tsayi fiye da abin da ake haskawa a silima. Sai an rufe wani yanki na sama da na ƙasa kafin a sami faffaɗan hoton da darakta Robert Zemeckis ya tsara. Wanda ya yi wannan rufi a kashi na biyu da na uku ya saɓa ma'auni a wurare da dama. Sakamakon haka, a wasu fitowar abin da ake so mai kallo ya gani ya faɗa ƙasan allo, har da wani ɓangare na fitowar nan da rigar Marty ke daidaita kanta da jikinsa. Wasan ban dariya ne da ya dogara da ido, ga shi an yanke abin da idon zai gani. Universal ya amsa kuskuren, ya ce duk mai so ya aiko da faifansa biyu a musanya masa. Faifan da aka gyara suna ɗauke da 'yar alama, harafin V da lamba 2, cikin ƙananan rubutun da ke fuskar faifan. A nan ne matsalar take: alamar tana kan faifai, faifai kuma yana cikin kwalin da aka liƙe da leda. Mai saye a kanti ba shi da yadda zai san wanne ya ɗauka sai ya je gida ya ɓare.

Da Blu-ray ya zo a watan Yunin 2006 sai asiri ya fara tonuwa da yawa. Sabon faifan na ɗaukar ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato kusan ninki shida na DVD ɗin Amurka, cikinsa kuma na cin gigabait 25 ko 50, alhali DVD bai wuce 4.7 ko 8.5 ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wata dabara da aka yi wa tsohuwar uwar kwafi don ta yi kyau a ƙaramar talabijin mai tulu sai ta fito ɓaro-ɓaro a babban allo.

Abin kunya na farko a gidan mai abin ya faru. Sony, wanda shi ne jagoran Blu-ray, yana cikin zazzafar gasa da tsarin HD DVD na Toshiba, kuma cikin faifan da ya buɗe kasuwa da su akwai The Fifth Element na Luc Besson, fim ɗin 1997 da masu sayar da kayan kallo suka daɗe suna sakawa a shaguna don nuna ƙarfin na'urorinsu. Mutane suka sayi na'urar Samsung ta farko a kan kusan dala dubu, suka saka faifan, suka ga hoto mai laushi, da datti da tabo a jikinsa, wanda a wasu wurare da ƙyar ya ɗara DVD. A watan Yulin 2007 Sony ya fitar da sabon bugu daga sabuwar uwar kwafi, da sabuwar hanyar matse hoto, ya janye tsohon, ya buɗe ƙofar musanya. Kwalin kuwa kusan bai sauya ba. A ganina gasar ce ta sa aka yi saurin gyarawa, domin a lokacin ba a san wanda zai yi nasara ba. Sai a watan Fabrairun 2008 Toshiba ya ajiye makamansa.

Domin a gane abin da ya sami Gladiator da ire-irensa, sai an ɗan tsaya a kan wani abu da ake kira yashin fim. Zaren fim na gargajiya an shafe shi ne da ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa masu jin haske. Su ne ke kama hoton, kuma da yake ba a jere suke ba, kowane hoto daga cikin 24 da ke wucewa a daƙiƙa guda yana da nasa watsuwar ƙwayoyin. Idan aka haska, sai ido ya ga wani ɗan motsi kamar rairayi yana rawa a kan hoton. Wanda bai sani ba zai ɗauka datti ne. Alhali da wannan yashin aka gina hoton kansa: gashin gira, zaren tufa, ramukan fatar fuska, duk a cikinsa suke. Sai dai yashin na da abokan gaba biyu. Na farko manhajar matse bidiyo, wadda ke samun sauƙi ne idan hoto bai sauya sosai daga na baya ba, yashi kuwa kullum cikin sauyawa yake, don haka yana cin wuri. Na biyu masu talla, waɗanda suka yi imani cewa wanda ya sayi sabuwar talabijin mai tsada yana son hoto sumul kamar gilashi. Sai aka riƙa wuce da fim ta manhajar share yashi. Idan aka matsa mata, takan tafi da yashin ta haɗa da abin da ke cikinsa, fuskoki su koma kamar na gumakan kakin zuma. Daga nan, don a rufe laushin da aka jawo, sai a ƙara wata dabarar ta kaifafa gefen abubuwa, wadda ke barin wani farin zobe kewaye da kan mutum ko bakin gini. An ɓata sau biyu ke nan, na biyun don a ɓoye na farkon.

Gladiator ya fito a Blu-ray a Amurka ranar 1 ga Satumban 2009, tare da Braveheart, a matsayin buɗe wani jeri da Paramount ya sa wa suna Sapphire Series, wai zaɓaɓɓun finafinai cikin mafi kyawun hoto. Braveheart ya cika alkawari. Gladiator kuwa ya zo da fuskoki masu santsi da fararen zobba. Abin da ya fi ba mutane mamaki yana cikin yaƙin farko, inda rundunar Rum ke ruwan kibau a dajin Jamus. An bar wata manhajar goge tabo ta yi aiki ba mai duba ta. Ita wannan manhaja tana neman ɗan siririn abu ne da ya bayyana a hoto ɗaya ya ɓace a na gaba, ta ɗauke shi a matsayin ƙarzuwa, ta shafe. Kibiya a cikin iska kuwa haka take. Sai ga kibau suna gutsurewa ko suna ɓacewa a sararin sama. Wata shaida ta ƙara tona asirin: faifan na ɗauke da doguwar sigar fim ɗin da aka haɗa a 2005, kuma ƙarin fitowar da aka saka a lokacin sun fi sauran fim ɗin kyau nesa ba kusa ba, domin su an yi musu sabon aiki, sauran kuwa daga tsohuwar uwar kwafi aka kwaso. Mai kallo na iya ganin hoton yana tashi yana faɗuwa daga fitowa zuwa fitowa.

Ba kamfani ne ya bankaɗo wannan ba, kuma ba manyan jaridu ba ne. Masu tara faifai ne da 'yan sharhi suka riƙa ciro hoto ɗaya daga faifai, su ciro takwaransa daga DVD ko daga abin da aka haska a talabijin, su jera su, su ce ga kibiya nan, ga kuma inda ta tafi. Da irin wannan hujja ba a musu. Cikin 2010, shekarar da fim ɗin ya cika goma, aka yi sabuwar uwar kwafi. Universal, mai haƙƙin fim ɗin a wajen Amurka, ya fitar da ita a Turai, Paramount kuma ya buɗe musanya a tsakiyar shekarar, ya fara sulala sabon bugun cikin kantuna da alamar nan ta ruwan ɗorawa.

Me ya sa ake yin shiru? Kamfanonin ba su taɓa zama sun yi bayani ba, amma lissafin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe haja. Akwai dubban tsofaffin kwafi a sito da kan kanta. Ranar da aka yi shelar cewa sabon ya fi, ranar tsohon ya zama kwantai, 'yan kasuwa kuma za su dawo da shi su karɓi kuɗinsu. Sannan shela amsa laifi ce, kuma wanda ya amsa laifi a kan fim ɗaya ya buɗe ƙofar tambaya a kan sauran. Ga kuma gaskiya mai ɗaci: mafi yawan masu saye ba su lura da komai ba. Don haka aka ɓullo da hanyar da za ta kashe bakin 'yan tsirarun da suka gani ba tare da an tayar da mafi yawan da ba su gani ba. Wanda ya san labari ya aika a musanya masa. Wanda bai sani ba ya zauna da nasa. Ni dai ban ga adalci a wannan rabo ba, domin kuɗi ɗaya suka biya, kuma wanda bai sani ba shi ne ya fi bukatar a gaya masa. Amma ba zan ƙi faɗin cewa kamfanin da ya yi musanya kyauta ya fi wanda ya sake sayar maka da gyaran kuskurensa ba.

Na biyun ma an yi su da yawa. Gangs of New York na Martin Scorsese ya fito a 2008 da hoto mai muni, aka sake shi a farkon 2010. Patton, fim ɗin yaƙi na 1970 da aka ɗauka a faffaɗan zare mai milimita 65, wato irin zaren da ya fi kowanne riƙe ƙananan bayanai, an share shi tas a bugun 2008 har fuskar George C. Scott ta zama kamar an goge ta da dutsen guga. Robert Harris, masanin da ya jagoranci farfaɗo da Lawrence of Arabia a 1989, yana cikin waɗanda suka fito suka soki wannan aiki. Sai a 2012 kamfanin Fox ya fitar da gyararren bugu.

Labarin The French Connection ya fi waɗannan sarƙaƙiya, kuma shi ne ya sa nake ɗari-ɗari da kalmar "ingantacce". A nan ba injin da aka bari ba mai tsaro ne ya yi ɓarna ba. Daraktan da kansa, William Friedkin, shi ya zauna a kan bugun 2009, ya sauya launin fim ɗinsa na 1971 ta wata hanya da ya ƙirƙiro: aka cika launi, aka dusashe shi, aka gauraya da hoton baƙi da fari. Har da ɗan shiri a cikin faifan inda yake bayyana yadda aka yi. Abin da ya fito launi ne mai zuba yana tsallake gefen abubuwa. Owen Roizman, wanda ya ɗauki hoton fim ɗin tun asali, ya fito fili ya ce ba a tuntuɓe shi ba, kuma bai yarda da abin da ya gani ba. A 2012 aka fitar da wani bugun da su biyun suka amince da shi, wanda ya koma kusa da yadda aka san fim ɗin a silima, aka kuma fara sayar da shi a kantunan Best Buy kaɗai, ba wani tashe. To, wanne ne fim ɗin? Na 2009 da hannun darakta a kai, na 2012 ma da hannunsa. Mai nazarin da zai rubuta wani abu a kan launi a finafinan shekarun 1970, idan bai faɗi faifan da ya kalla ba, maganarsa ba ta da tushe.

Masana tarihin littafi sun riga mu shiga wannan rami da ƙarnuka. Lokacin da ake buga babban kundin wasannin Shakespeare a Landan a 1623, ana cikin bugu ne ake tsayar da injin a gyara kuskure, sannan a ci gaba, kuma ba a zubar da shafukan da aka riga aka buga ba, domin takarda na da tsada. Aka ɗinke gyararru da marasa gyara a haɗe. Sai a tsakiyar ƙarni na ashirin wani Ba'amurke, Charlton Hinman, ya ƙera na'ura mai madubai da fitilu wadda ke ɗora shafin kwafi ɗaya a kan na wani, ta yadda duk harafin da ya bambanta zai riƙa ƙyaftawa. Ya bi kwafi fiye da hamsin a ɗakin karatu na Folger da ke Washington, ya buga sakamakonsa a 1963. Masu jera hotunan kibau na Gladiator aikin Hinman suke yi, ko da ba su taɓa jin sunansa ba. Kuma abin da ya ba su dama shi ne abin da ya ba shi: tsohon bugun yana nan, ana iya riƙe shi a hannu.

Wannan damar ce ke kuɓucewa yanzu. A kafofin kallo ta intanet kwafi ɗaya ne tak, yana kan na'urar kamfani, kuma ana iya musanya shi cikin dare. A watan Mayun 2019 masu kallo suka hango kofin kofi na zamani a kan tebur cikin wani kashi na Game of Thrones. Kafin a kwana uku HBO ya goge shi. Wannan abin dariya ne, ba wanda ya yi asara. Amma a 2023 aka gano cewa sigar The French Connection da ke kan wasu kafofin kallo a Amurka an datse mata 'yan daƙiƙoƙi, inda ɗan sandan da Gene Hackman ya fito a matsayinsa ke furta kalmar wariyar launin fata. Ba sanarwa a farkon fim, ba alama a ko'ina. Kowa na iya samun ra'ayinsa a kan kalmar, sai dai fitowar tana nuna irin mutumin da ɗan sandan yake, cire ta kuma ya wanke shi kaɗan. Waɗanda suka tabbatar da datsewar sun yi haka ne ta hanyar ɗauko faifansu na 2009 da na 2012 daga kanta, har da wancan mai zubar launi da aka yi ta zagi.

Faifan bai mutu ba tukuna. Tun 2016 akwai sabon tsari mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, kuma ƙananan kamfanonin da ke yi wa masu tara faifai hidima sun mayar da musanya abin yau da kullum, suna sanarwa a fili idan sun yi kuskure, domin kasuwarsu ƙarama ce kuma duk abokan cinikinsu masu lura ne. Manyan kantuna kuwa suna janyewa. Best Buy, inda aka fara sayar da gyararren The French Connection, ya daina sayar da faifan fim a farkon 2024. Tsofaffin kwafin Gladiator da na Back to the Future sun koma kasuwar gwanjo, gyararru da marasa gyara a cakuɗe cikin kwando ɗaya, kuma mai saye da ya san labari har yau yakan roƙi mai sayarwa ya ɗauko masa hoton bayan kwalin, ko ya buɗe ya duba ko akwai V2 a fuskar faifan, kafin ya biya.